Ramuka a Kan Kifin Gershon

Ranar da Malama Hellen ta dawo daga Kujama, ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce falo wajen kifin. Ta je ne ta taya 'yarta Stella jego, amma duk zaman da ta yi can, da ta sauke jariri daga cinya sai hankalinta ya komo Kafanchan, kan akwatin gilashin nan da ke jikin bangon falonta.

Kifin na mijinta ne, marigayi Gershon. Bayan ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya sayo shi a Abuja, lokacin bai wuce ɗan yatsa ba. Oska ake kiran irinsa, ɗan'uwan karfasa ne, sai dai shi ba na tukunya ba ne, na kallo ne. Ya girma ya fi tafin hannu, baƙi mai zanen ja, ga shan ƙamshi. Gershon ya raɗa masa suna Gwamna, wai don ba ya aikin fari ba ya na baƙi, sai ci da harara. Lokacin da mai shi ke raye Hellen ta sha yi masa gori, ta ce tsofai-tsofai da shi ya zauna yana hira da abin miya. Da hawan jini ya ɗauke shi, sai ga ta ita ce ke jawo kujera tana gaida kifi da safe.

Bayan jana'iza, wan mijin, Baba Azariya, ya tara iyali ya faɗi abin da aka saba a danginsu: kayan mamaci ba a gusar da su daga inda ya bar su, sai shekara ta zagayo an taru an yi sujadar tunawa. Hellen tsohuwar hedimistires ce, in an ba ta doka ba ta cin rabi ta bar rabi. A ganinta ruwan da ke cikin akwatin ma kayan Gershon ne, tunda da hannunsa ya zuba shi. Saboda haka ko kofi ɗaya ba ta taɓa zubarwa ba. In ya ja baya sai ta ɗebo na rijiya ta ƙara. Injin tace ruwan yana aiki da sola, ruwa kullum garau, babu abin da zai sa ta damu.

Ta sunkuya ta gyara tabarau. Gwamna ya taso a hankali, ba da zafin da ya saba ba. A goshinsa, saman idanu, ta ga wasu 'yan ramuka farare-farare, kamar an soka da allura. Ta goge gilashin da bakin zaninta, ta sake dubawa. Suna nan.

Tana tsaye sai ga sallamar Raliya.

Raliya maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su tun yaransu na rarrafe. 'Yar tsofaffin 'yan kasuwar garin ce, kuma mijinta Alhaji Lawal ya riga Gershon tafiya. Tana da tebur a ƙofar gida, inda take sayar da daddawa, citta, kuka da busasshen tattasai, kuma yawancin masu saye matan cocin su Hellen ne. Garin ya ga fitinu, 'yan'uwan Raliya duk sun kwashe sun koma ɓangaren da Musulmi suka fi yawa, ita kuwa ta ƙi motsi. Kullum amsarta ɗaya, ta ce muddin Maman Stella na nan ba abin da zai same ta. Ita ce Hellen ta bar wa gida da kifi da za ta yi tafiya.

"Maman Stella, oyoyo! Ina jikan namu? Da wa ya yi kama?" Ta ajiye kwanon masa a kan tebur.

"Yana lafiya. Maman Irfan, zo ki ga wani abu. Mene ne wannan a kan Gwamna?"

Raliya ta matso. "Ai ni ma na gani. Da farko ɗaya ne, na ɗauka ko dutsen ciki ya buga. Na so in kira ki, sai na ce kina fama da mai jego, kada in tayar miki da hankali a kan kifi."

Suka yi hirar jariri, Raliya ta tafi. Sai a lokacin Hellen ta lura da abubuwa biyu. Labulen falon duk ƙamshin turaren wuta yake yi, ita kuwa ba ta taɓa kunna turare a gidanta ba. Sannan a kan murfin akwatin akwai wani dogon tsinke mai tsini, irin na tsire. Ta ɗauke shi ta jujjuya, ta dubi ramukan, ta mayar da shi inda yake. Da ta leƙa ta katanga ta tambaya, da an gama magana a tsaye. Ba ta tambaya ba.

Washegari Regina ta zo barka. Tare suke a Zumuntar Mata ta cocinsu, kuma Regina mace ce da ba ta taɓa ganin ciwon da ya zo da kansa ba, kowane ciwo a wurinta aiko shi aka yi. Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Ta tsaya gaban akwatin ta dafe ƙirji.

"Yesu! Mama Stella, wannan ba odinari ba ne. Kin taɓa ji kifi ya yi rami a kai? Wane ne ya riƙe gidan?"

"Maman Irfan."

"Hmm." Regina ta shaƙi iska, ta dubi labule, ta dubi tsinken. "Ni ban ce komai ba fa. Amma Baba Gershon, ba ta kai ya tafi ba? Mutanen nan suna fara yin tes a kan dabba ne, kafin su zo kan mai gida."

"Regina, ki ji tsoron Allah. Matar nan ita ta wanke ni lokacin da na haifi Stella."

"Shi ya sa ya san hanyan ciki. Na waje ba ya sanin inda kifi yake."

Hellen ta yi mata faɗa sosai, har Regina ta fita tana ƙunƙuni. Amma da yamma kan Hellen ya soma sarawa, ta zauna tana dafe da goshi, daidai inda ramukan suke a kan Gwamna.

Daga nan komai ya canja kama. Ta tuna wata rana Raliya ta taɓa cewa, cikin wasa, kifin nan zai yi daɗi a farfesu. Ta tuna ɗan Raliya, Irfan, wanda ke kasuwanci a Jere, ya taɓa yaba girman filin bayan gidan. Abubuwan da aka yi dariya aka wuce, duk ta tono su ta jera. Har gwaji ta shirya. Ta kira Raliya, ta ce hannunta da manja, ta taimaka ta ba Gwamna abinci. Ta laɓe a ƙofar kicin tana kallo. Raliya ta ɗebi ƙwayoyin abincin, leɓunanta suka motsa, sannan ta zuba. Bisimilla ce, wadda Hellen ta ji a bakinta sau ba adadi, a kan tukunya, a kan allura, a bakin ƙofar mota. Ranar dai ba ta ji ta a matsayin bisimilla ba.

Ta soma kulle ƙofa da rana. In Raliya ta yi sallama sai ta yi lamo kamar mai barci. In an aiko da abinci, kaji ke cinyewa. Abin yana cin ranta, don ta saba da matar, kuma kewarta take ji ko a lokacin da take tsoronta. Shi kuwa Gwamna sai ƙara lalacewa yake. Ramukan suka faɗaɗa, wasu suka haɗe, suka gangaro gefen fuska. Ya daina cin abinci, in ya kama ƙwaya sai ya tofar. Wani farin kashi mai kama da zare yana bin sa a baya, ya koma lungu ya tsaya yana kallon bango.

Ranar taron Zumunta, bayan waƙa da karatun Littafi, Uwar Zumunta ta ce mai abin addu'a ta miƙe. Ƙa'idar ita ce ba a kama suna. Mace ta faɗi damuwarta a dunƙule, 'yan'uwa su kai wa Ubangiji, shi ya san ko wane ne. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma da ita aka sha yanka mutane a garin nan ba tare da an ambace su ba. Hellen ta san haka sarai, ta ma sha tsawata wa masu yi. Amma ta miƙe.

"Ku taya ni addu'a," in ji ta. "Na ba wani amanar gidana, na dawo na ga abin da ban gane ba. Abin da maigidana ya bari yana mutuwa a idona, ni ma kaina ba lafiya. In da hannun mutum a ciki, Ubangiji ya tona, ya raba ni da shi."

Ba ta kama suna ba. Amma kowace mace a wurin ta san mutum ɗaya ce tak ke shiga gidan Hellen ba tare da an yi mata iso ba. Regina ta ja addu'ar, ta yi ta da ƙarfi har jijiyar wuyanta ta fito. Aka sa azumi.

Kafin Lahadi ta zagayo teburin Raliya ya koma kamar na mai takaba. Hellen tana gani ta taga. Matan da suka saba tsayawa su yi ciniki su yi gulma, yanzu sai su tsallaka titi, su tafi har kasuwa neman daddawar da ke gabansu. Raliya tana zaune tana kora ƙuda, tana gaida masu wucewa, wasu su amsa a ciki, wasu su yi kamar ba su ji ba. Wata rana da hantsi aka jefa dutse a kan kwanon gidanta. Hellen ta ji ƙarar har cikin haƙoranta, ta ce a ranta ai ba ita ta aike su ba.

Stella ce ta gaji da jin zancen kifi a waya, ta kira Dakta Kambai, likitan dabbobi, ta roƙe shi ya leƙa uwarta. Kambai tsohon ɗalibin Hellen ne. Aikinsa aladu ne da kaji da tafkunan tarwaɗa, kuma har yau in ya ganta sai ya cire hula. Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana kallo.

"Mama, yaushe rabon a canja ruwan nan?"

"Ba a canjawa. Ƙarawa nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun da Baba ya tafi."

Kambai ya nannaɗe hannun riga, ya zura hannu ya motsa tsakuwar da ke ƙasan akwatin. Wani baƙin datti ya turnuƙe ruwan, wari ya tashi ya cika falon, har Hellen ta ja baya tana toshe hanci.

"Ciwo ne da aka sani, Mama. Sunansa ma ke nan, rami a kai, kuma irin su oska ya fi kamawa. Ruwa yana iya zama garau a ido, amma kashin kifi da ragowar abinci sun narke a ciki. In ruwa ya ja baya, dattin ba ya tashi sama, yana nan. Ke kina ƙara ruwa, shi yana ƙara kauri. Kifin ya raunana, ga abinci iri ɗaya da ya tsufa a gwangwani, sai 'yan ƙwayoyin cuta da ke cikin hanjinsa su samu hanya. Wannan farin kashin alamarsu ce."

"Ba za a iya yin ramukan nan da tsinke ba?" Ta ji kunyar tambayar tun kafin ta gama fita.

"Tsinke? Wa zai kama wannan ƙaton ya tsaya a soke shi? Daga cikin fata suke ɓullowa. Kuma ba yau ya fara ba, ya daɗe yana taruwa, kafin ma ki yi tafiya."

Ya gaya mata abin yi. A riƙa zuƙe wani kashi na ruwan da tiyo daga ƙasa, inda dattin yake, a mayar da sabo, kaɗan-kaɗan ba gaba ɗaya ba, don kada kifin ya gigice. A cire tsohon gawayin da ke cikin injin tacewa. A daka ƙwayar maganin Filajil, ya auna mata yadda za ta sa, a cikin ruwa tukuna, in kifin ya soma ci a kwaɓa masa a abinci. A sayo sabon abinci, a haɗa masa da tana da ɗan ganye. Ya ce zai iya tashi, amma tabo ba lallai ya ɓace duka ba.

Duk da haka Hellen ba ta taɓa ruwan ba sai da ta kira Baba Azariya ta nemi izini. Tsohon ya ce, "Ruwa? Hellen, wa ya yi maganar ruwa? Akwatuna da kujeru da kekensa na ce. Ashe har ruwan kifi kika ajiye mana?" Ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba.

Bokitin farko da ta kai bayan gida, ta tsaya riƙe da shi kafin ta iya zubarwa, kuma ta yi kuka. Da ta dawo falo warin na nan, ta kama kanta tana tunanin me za ta kunna ya kore shi, sai ta dubi labulen, ta tuna ƙamshin turaren nan. Can kuma ta ga wani guntun abinci ya maƙale a bayan dutse, hannunta bai kai ba. Ta waiga neman wani abu dogo. Tsinken na nan a kan murfi, daidai tsawon da ake bukata. Ta ciro guntun da shi, ta zauna a kujera ta rasa inda za ta sa kanta.

Ya kamata ta zagaya ta buga ƙofar Raliya a ranar. Kunya ta hana ta. Ta ce bari kifin ya warke tukuna, ta je gaban Zumunta ta wanke matar a bainar jama'a, sannan ta zo mata da labari mai daɗi, ba da haƙuri kawai ba. Dabara ce irin ta mai son a yafe masa ba tare da an ga idonsa ba.

Gwamna ya soma ci. Ya bar lungu, ya dawo da hararsa. Bakin ramukan ya daina fari, suka soma cikewa. Makonni suka shuɗe Hellen na jan bokiti, tana kauce wa taga.

Ranar da ta shirya, ta sa anko ta tafi taro. Da aka zo lokacin shaida ta riga kowa miƙewa.

"'Yan'uwa, kun tuna abin addu'ar da na kawo. Kifin ya warke. Amma ina so ku..."

"Halleluya!" Regina ta yi tsalle. "Tun da ya daina shiga gidan! Ba na faɗa ba? Tun da aka rufe masa ƙofa!"

Guɗa ta tashi. Masu tulu suka soma bugawa, masu kacau-kacau suka kama, aka ɗauki waƙar nasara. Hellen ta ɗaga hannu tana cewa ku tsaya, ruwa ne, laifina ne, likita ya zo. Suka ɗauka ɗaga hannun na yabo ne, suka kewaye ta suna rawa. Da kiɗan ya lafa ta samu ta faɗi zancen ruwa da Filajil da Baba Azariya, daki-daki, kamar tana gaban aji. Suka saurara da ladabi. Uwar Zumunta ta dafa kafaɗarta ta ce Ubangiji yana aiki ta hannun likita ma, kuma zuciya mai gafara irin ta Mama Stella abin koyi ce, dubi yadda take rufa wa maƙiyinta asiri. Aka ce amin.

Ba ta tsaya addu'ar rufewa ba. Ta hau acaɓa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce ya yi sauri.

A ƙofar gidan Raliya ta tarar da wata a-kori-kura, an ɗora katifa da buhuna da tukwane, an kife teburin a sama an ɗaure. Irfan ne ya aiko motar daga Jere, ya ce ba zai jira dutse na gaba ya sauka a kan uwarsa ba. Raliya ta fito da buta a hannu, ta ja ƙofa. Ta ga Hellen cikin ankon Zumunta, ta tsaya.

"Maman Stella. An ce ya warke."

"Ya warke. Maman Irfan, ruwan ne. Ni ce na hana a zubar, ni ce na jawo. Na faɗa musu yanzu, wallahi na faɗa musu."

Rantsuwar da ba ta saba yi ba ce ta fito mata. Raliya ta gyara mayafi. Ba fushi a fuskarta, kuma da fushin ne da Hellen ta fi samun sauƙi.

"Ni ban san ciwon kifi ba. Abin da kika ce in yi, shi na yi. Da na ga kin daina buɗe mini ƙofa, na ɗauka ko jikin ne, har na riƙa sa miki citta a miya."

"Ki sauke kayan nan, don Allah. Zan bi su gida-gida."

"Ki bi su ki ce me? Sun ga ya warke." Ta miƙa wa direba butar. "An ce kun yi ta addu'a a kaina, har da azumi, wai Allah ya raba ki da ni. To, ga shi an amsa muku."

Ta kama ƙofar motar ta hau da ƙyar, saboda gwiwarta. Hellen ta miƙa hannu za ta tallafe ta, amma direban ya riga ta.